Hutun Baballe a Japan

Baballe ba mugu ba ne. Baki ne ya yi masa yawa. A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa da ruwan kanal yake ci, babu zancen da za a ɗauko Baballe bai fi kowa saninsa ba. In ka ce tumatirinka ya yi kyau, nasa ya fi. In ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai, shi ya taɓa yin wanda ya fi naka zafi, kuma a tsaye ya yi shi.

Wurin zamansa bencin Hammadu mai shayi. Shekara da shekaru shi ke riƙe da hirar wurin. Sai a ranin da ya biyo bayan ƙwallon duniya da aka buga a Japan, taubashinsa Sammani ya je Umara ya dawo. Shi ke nan hira ta koma hannun Sammani: yadda jirgi ke tashi, yadda kunne ke toshewa, yadda ake kawo wa mutum abinci yana zaune a sama. Baballe ya ɗaga murya ya ɗauko labarin macijin da ya kashe. Ba wanda ya waiwayo. Hammadu ma Sammani ya miƙa wa kofin gilashi, shi ya bar shi da na roba.

A jikin rumfar akwai wata kalanda da mai sayar da kayan inji na Kura ya ba Hammadu. Hoton wani dutse ne mai farar ƙanƙara a ka, da jirgin ƙasa mai dogon hanci. Baballe ya kalle ta, ya dangwarar da kofinsa.

"Makka kiran Allah ce, wanda aka kira zai je. Ni bana Japan za ni."

"Ina?" in ji Hammadu.

"Japan. Inda aka ƙera injina na ban ruwa."

Sammani ya gyara zama. "Sarin kaya za ka?"

"Hutu za ni."

"Hutu? Ciwo kake?"

"Lafiyata ƙalau. Hutu, Alhaji. Mutum ya je, ya zauna, ya kalli gari, ya dawo."

"Ai wannan tun da ka yi wayo kake yin sa a kan bencin nan, kuma ba a taɓa tambayarka biza ba."

Aka yi dariya. Baballe bai yi ba.

"To wa ka sani a can?" in ji Hammadu.

"Wanda ya ƙera injina. Tun da na saye shi ko tari bai taɓa yi ba. Mutum ya yi maka wannan, ka ƙi zuwa gaishe shi? Ba irin na Alhaji ba, ɗan Chana, wanda sai an yi masa tofi yake tashi."

"Da me za ka je?" in ji Sammani.

Baballe ya nuna gabas da haɓa. "Ga jirgina can yana fure."

Gonar tumatirinsa yake nufi. Tana manne da kanal, ita ce ta farko da ruwa ke tararwa, ta Sammani mai albasa tana bayanta. Kuma gaskiya a faɗe ta, tumatirin ya yi kyau a shekarar. Sai dai shi ke nan abin da Baballe ya shuka. Japan ɗin a cikinsa take, tuwon gidansa ma a cikinsa yake.

Washegari ya hau keke ya tafi Kura, ya yini a shagon mai kalanda. Mutumin nan iyakarsa Sabon Gari, amma ba a tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Da yamma Baballe ya dawo da ilimin Japan kaf: da tsinke suke cin abinci, kifi ɗanye suke ci, sanyi kuma sai wanda ya gani.

Ya fara da tsinke. Matarsa Talatu ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ya zaro tsinken tsire biyu daga aljihu.

"Malam, hannun ne ya yi ciwo?"

"Hannu na 'yan ƙauye ne. Haka ake ci a can."

Ya tsira tsinken, loma ta taso, ta zame, ta faɗa miya. Ya sake, ta sake. Ta ukun ta kai har bakin gemu, kuɓewa ta ja ta, ta sauka a cinyarsa. Yana cikin sharewa kaza ta zo ta ɗauke 'yar tsokar da ke kai.

"A can ma kaji ne ke ƙoshi?" in ji Talatu.

"Ke dai ki koya. Wata rana har ke zan kai."

"Ka fara kai ni Bunkure gidanmu. Tun sallar bara kake cewa gobe."

Kifin kuwa a gaban jama'a ya ci shi, don a shaida. Ya sa aka kamo masa karfasa a kanal, ya kankare, ya ɗora a teburin Hammadu.

"In ɗan soya maka?" in ji Hammadu.

"Wuta kashe daɗin kifi take yi. Ku ba ku sani ba."

Ya gatsa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa, ya haɗiye da ƙyar.

"Yaya?" in ji Sammani.

"Zuma."

"To ƙarasa. Ga kan nan, an ce can daɗin yake."

Ya ƙarasa, tunda ana kallo. Bayan nan an kwana biyu ba a gan shi a benci ba. An dai riƙa hango shi yana sauri da buta.

Da ciki ya lafa sai ya koma kan sanyi. Ya sayo ƙanƙara a Kura, ya farfasa a bahon wankin Talatu, ya shiga ya zauna da gajeren wando, wai jiki ya saba. Haƙoransa na kaɗawa yana ce mata a Japan wannan ruwan ɗumi ne. Kafin gari ya waye mura ta shaƙe masa wuya, murya ta ɗauke ɗif. Ya zo benci yana buɗe baki ba abin da ke fita.

Sammani ya dube shi, ya dubi jama'a. "Ashe hutun namu ne. Allah ya saka wa Japan da alheri."

Da muryar ta dawo, da ƙarfinta ta dawo. Don ya rama, Baballe ya ce mai kalanda ya haɗa shi da babban mai masana'antar injuna, kuma a gidansa zai sauka. Wannan maganar ce ta jawo masa.

A wurinmu matafiyi ba ya ƙin saƙo. In za ka Kano a ba ka, in za ka Makka a ba ka, kuma ba ka cewa kaya sun yi yawa, sai a ce ka yi girman kai tun ba ka tafi ba. To babu gidan da ba shi da mataccen injin ban ruwa a jingine a bayan ɗaki, wanda makanikai suka gaji da shi. Tunda ga mai zuwa wurin maƙeransa, me ake jira?

Na farko a baro aka turo shi, da mesarsa a naɗe a kai.

"Ka ce musu hayaƙi yake yi, ba ya jan ruwa."

"Ajiye nan. Minti nawa ne a wurinsu."

Na biyu a kan jaki. Wata tsohuwa ta kawo rediyon mijinta da ya rasu, ta ce tun yana da rai ta daina magana. Tela ya kawo kan keken ɗinki. Wani ya kawo inji, Baballe ya duba ya ce, "Ai wannan ɗan Chana ne."

"An ce maƙwabta ne. Ka miƙa musu ta katanga."

Zaure ya cika. Aka shiga tsakar gida, aka kai har bakin murhu. Kaji suka fara ƙwai a cikin injuna. Talatu ta yi tuntuɓe da wata mesa ta zubar da kunu.

"Malam, gidan nan gida ne ko garejin Kura?"

"Mutunci ne, Talatu. Wa aka taɓa ba wa saƙo haka a garin nan? Alhaji da ya tafi, dabino kawai aka ce ya kawo."

Tumatir ya nuna. Baballe ya sa rana: zai yi tsinkar fari, ya bi motar dillali zuwa Kano, ya yi fasfo da biza. Kuma da kayansa duka zai tafi.

"Fasfon za ka yi da injuna a ka?" in ji Hammadu.

"In na tarar da jirgin Japan yana lodi, saura kujera ɗaya, sai in ce bari in koma gida in ɗauko kaya? Wucewa zan yi."

Baba Dattijo, wanda shi ke buɗe mana ƙofar ruwa yana raba kwana tsakanin gonaki, ya tare shi a hanya.

"Baballe, in ka tafi wa zai yi maka ban ruwa? Tumatir yana tsakiyar 'ya'ya."

Sammani yana wurin. "Bar min, Baba. In na gama albasata sai in juya masa."

"Kai?" in ji Baballe. "Ka ba tumatirina ruwan albasa? A Japan, Baba, ba mai tsayawa a kan ruwa. Ruwa ne ke kai kansa gona, ya shayar, ya tsaya."

"Nan ba Japan ba ce. Kada ka taɓa min kanal."

"Wa ya ce zan taɓa?"

Ga yadda muke yi, ga wanda bai sani ba. Ƙaramin kanal ya fi gona tudu, kafaɗarsa ƙasa ce dandaƙaƙƙiya. Ranar ruwanka ka ɗora robar zuƙo ruwa ta saman kafaɗar, ka ja ruwa, kana tsaye da fartanya kana buɗe fangali kana toshe wani. In gona ta sha, ka cire robarka. Ta sama ake bi. Ko yaro ya san ba a huda kafaɗa.

Ranar da gari ya tafi ɗaurin aure Bunkure, kanal a bushe, Baballe ya ce ciki ne ya motsa masa. Da aka watse ya kwance mesar duk injunan saƙo, ya kai gona. Ya haƙa kafaɗar kanal ta ƙasa, ya zura mesa, ya mayar da ƙasa ya tattake. Ya matsa gaba ya sake. Bai bari ba sai da mesa ta ƙare, kowane layin fangali da tasa. Lissafinsa shi ne, duk ranar da aka sako ruwa zai shiga da kansa, in aka rufe ya tsaya. Ya yayyafa busasshiyar ciyawa a kai, ya koma gida yana murmushi.

"Me ya faru?" in ji Talatu.

"Na sallami fartanya."

Ranar tafiya ta faɗo daidai ranar ruwan layinmu. An tsinke tumatir tun jiya, kwanduna jere a cikin gona, jajir. Motar dillali ba ta shiga hanyar gona, a bakin titi take tsayawa, sai amalanken shanu ya fito da kaya. Amalanke ɗaya aka samu.

"A fara fito da tumatir," in ji Talatu.

"A fara da amanar mutane. Tumatir gudu zai yi?"

Gaskiyar magana, so yake gari ya ga kayan a bayansa. Aka lafta injuna, da rediyo, da kan keke, shanu suna nishi. Baba Dattijo ya je ya buɗe ƙofar ruwa. Da yake sai kanal ya cika ake fara ja, kowa ya ce bari ya raka Baballe titi tukuna. Gari ya fito kaf.

Shi kuwa ya fito cikin wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo har gwiwa, da hular ulu, da safar hannu. Watan Maris ne. Kafin a kai titi gumi ya jiƙa masa gemu.

"Cire mana, sai ka isa," in ji Hammadu.

"Jikina ya riga ya koma na can."

A bakin titi ya hau kan amalanke, ya taka wani inji, ya fara jawabi. Ya yafe wa kowa. Ya yi wa Hammadu alkawarin butar shayi mai tafasa kanta. Ya ce zai duba wa Baba Dattijo ƙofar ruwa mai jin magana. Direban dillali ya danna ham, ya ce rana tana yi, a kawo tumatir. Baballe ya ɗaga masa safar hannu, ya ci gaba. Ya shiga bayanin jirgin ƙasan kalanda, wanda in ka shiga da alwala a Kura, kafin ka ce amin kana Legas.

Akwai lambatu da ya taso daga gonaki ya bi gefen titi. A rani ko kaza ba ta jiƙa ƙafa a cikinsa. Sammani yana tsaye a bakinsa, sai ya ga ruwa. A kan ruwan ga tumatir ɗaya, ja, yana tafe a hankali. Ga wani. Ga wasu.

"Baballe."

"Alhaji, bari in gama."

"Jirgin naka ne ya iso."

Kowa ya juya. Lambatu ya cika, ya yi ja daga nan har inda ido ya kai. Wani kwando ya zo yana juyi, ya daki gindin gada, ya kife.

Baballe ya leƙo daga kan amalanke. "Wannan ba nawa ba ne. Nawa ya fi wannan girma."

"Ga hularka ta gona a kan kwandon baya," in ji Talatu.

Baba Dattijo ya tattare riga ya zura da gudu, tsoho da shi. Gari ya bi shi. Baballe ya diro, rigar sanyi ta harɗe shi, ya tashi, ya bi baya yana haki.

Babu gona. Ruwa ya bi jikin kowace mesa ya cinye ƙasar, ramukan suka haɗe, kafaɗar kanal ta zube gaba ɗaya. Duk ruwan layinmu a gonar Baballe yake sauka. Tumatir ya nutse, sai kan ganye nan da can. Ruwan ya tsallaka ya shiga albasar Sammani. Masu gonakin ƙasa kuma, da suka kwana suna jiran rabonsu, ko ɗigo bai isa gare su ba. Ga bakunan mesa sun fito suna lilo a cikin ruwa.

"Wannan ai mesata ce!" in ji wani.

"Ga tawa can, mai ɗaurin roba!"

Baba Dattijo ya aika a rufe ƙofa, sannan ya juyo. "Baballe, me na ce maka?"

"Baba, tsarin daidai yake. Ƙasar garin nan ce ba ta da inganci. A Japan..."

"Ka sake cewa Japan, sai na tura ka ciki."

Bai jira an tura shi ba. Ya hango wani kwando da bai kife ba, ya faɗa ruwa zai ceto shi. Rigar gwanjo ta sha ruwa ta yi nauyin buhu. Ya zauna daɓas a cikin laka, ruwa iya wuya, hular ulu a ka. Ya yunƙura, ya koma. Sai da Sammani ya miƙa masa ƙotar fartanya aka jawo shi kamar tarwaɗa.

"Yaya sanyin can?" in ji Sammani.

Aka ce a kawo inji a zuƙe ruwan, ko a tsira da wani abu. Kowa ya dubi amalanke, wanda mai shanu ya biyo mu da shi. Injuna tuli, har da na kan jaki, babu mai tashi ko ɗaya.

"Ina naka, ɗan Japan, wanda bai taɓa tari ba?" in ji Hammadu.

Baballe ya nuna tsakiyar ruwan. Can ya bar shi a gindin kwanduna. Ko hannun injin ba a gani.

Sammani ya aika gida aka ɗauko nasa, ɗan Chana. Ya naɗe igiya, ya dubi Baballe.

"Taubashi, matso ka yi masa tofin."

Ja ɗaya ya tashi.

Albasar Sammani ta sha da ƙyar. Tumatir kuwa ya tafi. Wanda ruwa bai kai titi ba ya ruɓe a tsaye, matan gari suka tsince na lambatu suka yanka suka shanya. Direban dillali ya juya motarsa ba ko kwando. Baba Dattijo ya yanke hukunci a wurin: Baballe zai gina kafaɗar kanal da hannunsa, kuma zai mayar wa kowa injinsa har gida, a ka, da mesarsa a wanke. Haka aka yi. Kowane gida ya shiga sai an tambaye shi me maƙeran suka ce. Tsohuwa mai rediyo ta kunna, ta ji shiru, ta ce ita dama ta san mutanen nan ba su da amana.

Talatu ta samu zuwa Bunkure. Ita ta kai kanta, ta dawo da buhun masara daga gidansu, shi aka ci har damina.

Ruwan ya kwashe ƙasar gonar, ta zama kwari, ko yayyafi aka yi sai ta riƙe. Ba ta sake yin tumatir ba. Da damina Baballe ya dasa shinkafa, don ba abin da za ta karɓa sai ita. Ya dawo benci, da kofinsa na roba, ya ce dama can shirinsa ke nan, mutanen Japan shinkafa suke nomawa, sai da ya gyara ƙasar tukuna.

Ba wanda ya yi masa musu. Suna kawai aka sa wa gonar, kuma ya zauna. Ko Baba Dattijo in yana rabon ruwa cewa yake, yau daga Japan zuwa gonar Alhaji.

Kwanaki wani baƙo ya zo daga Garun Malam yana neman Baballe, ya yi sallama a ƙofar gida. Talatu ta amsa daga zaure.

"Ba ya nan. Ya tafi Japan."

"Ikon Allah! Yaushe zai dawo?"

"Da azahar. In sauri kake, bi bakin kanal, za ka jiwo muryarsa."